Masu Ƙirga Sauro: Aikin da Ba A Ganin Amfaninsa Sai Ranar da Aka Daina Shi

Akwai wani aiki da ake farawa da magariba a tashi da sassafe, kuma duk wanda ya gan shi karon farko sai ya ɗauka ko masu yin sa sun sami taɓin hankali. Mutum ne zai zauna a kan kujera cikin duhu, ya naɗe wandonsa har gwiwa, da tocila a hannu ɗaya, da ɗan bututun roba a baki. Jira yake sauro ya sauka a ƙwaurinsa. Da ya ji saukarsa sai ya haska, ya zuƙe shi cikin bututun kafin ya kai ga cizo, ya hura shi cikin kofin takarda da aka rufe bakinsa da ƙyallen gidan sauro. Kowace awa da kofinta, an rubuta lokaci a jiki. Wani yana zaune cikin ɗaki, wani a tsakar gida, ana musayar wuri don kada jinin mutum ɗaya da sauro ya fi so ya ɓata lissafi. Daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe. Ana ba su maganin rigakafin zazzaɓi, ana kuma bibiyar lafiyarsu bayan an gama, domin mutum ne aka yi tarko da shi, kuma har yau masana suna jayayya kan halaccin hakan. Amma duk tarkunan zamani masu fitila da farfela da aka ƙera, babu wanda ya kai wannan tsohuwar hanya faɗin gaskiyar abin da ke cizon mutum, da inda yake cizonsa, da ƙarfe nawa.

Wannan shi ne ƙasan aikin masanin ƙwari masu yaɗa cuta. Mutane da dama idan sun ji an ce yaƙi da sauro, abin da ke zuwa musu a rai shi ne mai feshi da tankinsa a baya, ko layin mata a ƙofar asibiti ana rabon gidan sauro. Wannan ai ƙarshen zance ne. Kafin a kai can, sai wani ya amsa tambayoyin da ba su da daɗin ji a taron manema labarai: wane irin sauro ne a nan, a ina yake ƙyanƙyasa, jinin wa yake sha, ina yake kwana bayan ya ƙoshi, nawa ne cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma maganin da za a sayo da biliyoyin naira, yana ma kashe shi kuwa?

Tambaya ta farko kaɗai ta isa ta cinye rayuwar mutum. A duniya akwai nau'in sauro sama da 3,500, kuma waɗanda ke da muhimmanci wajen yaɗa zazzaɓin cizon sauro 'yan kaɗan ne daga dangin Anofilis. Wanda ke hana mu barci da kuka a kunne a unguwannin birni, wanda ke tashi daga kwata da masai, galibi Kiyules ne, kuma ba ya ɗaukar maleriyar mutum. Mai zanen baƙi da fari da ke cizo da rana tsaka, Edis ne, nasa kayan su ne shawara da zazzaɓin dengi. Saboda haka gari zai iya cika da sauro har a kasa hira a waje alhali maleriya kaɗan ce, wani ƙauyen kuma mutane su rantse maka babu sauro, yaransu kuwa suna ta suma. Mai aikin yana raba su ne ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin madubin likita, yana duba ɗigon da ke fiffike da zoben da ke ƙafa. Bayan ya gama wannan wahala sai ya tarar da wata: babban mai laifi a Afirka, wanda aka daɗe ana kira gambiye, ashe ba nau'i ɗaya ba ne. Dangi ne masu kama ɗaya sak, ido ba ya raba su, amma halinsu ya bambanta. Wani ɗan ɗaki ne mai son jinin mutum, wani kuma, irin arabiyensis da ya fi jure fari, ba ya ƙin jinin saniya kuma ba ya damuwa ya kwana a waje. Sai an niƙa ƙafa ko fiffike an yi gwajin ƙwayar halitta ake sanin wane ne wane.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani ɓangare na wannan ilimi daga ƙasarmu aka samo shi, kuma ta hanyar faɗuwa aka same shi. A 1954 aka fara wani gwajin feshin ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi. Daga cikin magungunan da aka yi amfani da su akwai dayaldirin, wanda a lokacin ake ganin ya gama da sauro. Ba a cika shekara biyu ba sauron ya daina mutuwa. Irin da aka ɗebo daga Ambursa aka kai ɗakin gwaje-gwaje a Landan ya shiga littattafan kimiyya da sunan garin, kuma a wajen haɗa shi aure da sauron wasu wurare don a gane yadda juriyar ke bin gado ne aka lura cewa wasu haɗe-haɗen suna haifar da maza marasa haihuwa, alamar cewa ba nau'i ɗaya ba ne. An tafi neman dalilin gazawar magani, aka dawo da labarin cewa abokin gaban ma ba a san shi ba.

Sai kuma Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da bincike a can wanda har gobe ɗaliban wannan fanni a ko'ina suke karantawa. An ɗauki lokaci ana ƙirga kawai kafin a taɓa komai, aka gano cewa a wasu ƙauyukan mutum ɗaya yana samun cizo mai ɗauke da cuta sama da 100 a shekara. Sannan aka yi feshin bango da maganin furofoksa a damina biyu, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba magani ga kowa da kowa. An yi aikin da kyau, da kuɗi, da ƙwararru. Cutar ta yi ƙasa sosai inda aka haɗa biyun, amma ba ta yanke ba, kuma da aka janye hannu ta koma inda take. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon da aka fesa. Yana shan jini ya fice. Masanin Italiya Mario Coluzzi, wanda ya yi nazarin ƙwayoyin gadon sauron yankin, ya nuna cewa wannan hali na kwana ciki ko waje yana da alaƙa da gado. Daga baya, a 2013, aka raɗa wa wani nau'in sunansa. A ganina darasin Garki bai taɓa tsufa ba: abin da ya yi aiki a wani wuri ba dole ya yi a nan ba, kuma wanda bai auna ba ba zai san dalili ba, sai dai ya zargi mutanen ƙauye da rashin haɗin kai.

A koma kan kofunan takarda. Da safe, kafin masu gida su buɗe taga, wata tawagar tana shimfiɗa farin zane a ƙasan ɗaki da kan gado, a rufe ƙofa, a fesa maganin da ke kayar da sauro nan take, bayan minti goma a tattara zanen a fito da shi waje a tsince gawarwakin da hantsaki. Cikin kowace mace labari ne. Wadda cikinta ya yi ja ta sha jini daren jiya, kuma ana iya gwada jinin a san na mutum ne ko na akuya. Ana yanke kai da ƙirji a nemi ƙwayar cutar a matakin da take shirin shiga jikin mutum. Masu hannu mai sanyi suna fiɗe cikin da allura su duba mahaifar ƙwai, su gane ko ta taɓa yin ƙwai ko budurwa ce.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙwayar maleriya tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta isa yawunsa, alhali yawancin sauro ba sa kai wannan shekaru a daji. Tsofaffin mata ne kawai ke kisa. Wannan ne ya sa tun shekarun 1950 masanin Birtaniya George Macdonald ya nuna da lissafi cewa rage tsawon ran sauro ya fi rage yawansa tasiri nesa ba kusa ba. Gidan sauro mai magani da feshin bango duk a kan wannan tunani aka gina su: ba sai ka ƙarar da sauro ba, ka dai hana shi tsufa. To idan an raba gidan sauro a ƙaramar hukuma, bayan wata shida mai fiɗa ya ga har yanzu yawancin matan da ake kamawa tsofaffi ne, ya san akwai matsala tun kafin gadajen asibiti su faɗa.

Matsalar kuwa yawanci sunanta juriya. Gwajinta ba shi da wani ƙawa. A ɗebo tsutsar sauro da ludayi daga kududdufi ko sawun kofato ko fadamar shinkafa, a rene su har su fashe, a zaɓi mata 'yan kwana uku zuwa biyar da ba su taɓa shan jini ba. A zuba 20 zuwa 25 a kowane bututu da aka liƙa wa takarda mai magani a ciki, su yi awa ɗaya, a mayar da su bututu mai tsabta da audugar ruwan sukari, washegari a ƙirga matattu. Idan kashi 98 cikin ɗari ko fiye sun mutu, magani yana ci. Idan ƙasa da 90 ne, juriya ta tabbata. Daga wannan ƙirga mai gundura ake yanke shawarar irin gidan sauron da za a sayo wa jiha guda. Shekaru da dama duk gidajen sauro na duniya sinadari iri ɗaya ke jikinsu, dangin fayiritiroyid, kuma sun yi aiki: wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro ne. Amma wanda kullum da sanda ɗaya ake dukansa, wata rana zai koyi kaucewa. Wasu sauron sun sauya wurin da gubar ke kamawa a jijiyarsu, wasu kuma jikinsu ya koyi narkar da ita. Manomi ma yana da hannu ba da saninsa ba, domin irin wannan sinadarin ne yake fesa wa wake da tumatir da auduga, ruwa ya wanke shi zuwa inda tsutsar take, ta taso da shi tun tana jaririya. Shi ya sa aka koma gidan sauro mai ƙarin sinadarin da ke toshe wa sauro hanyar narkar da guba, sannan a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙarfi ga mai haɗin sinadari biyu, ɗaya daga cikinsu kulofenafir. Sun fi tsada. Ba kowace jiha za a iya ba wa ba, kuma wanda zai ce nan ne ya fi buƙata shi ne mai bututun nan.

Akwai juriyar da ba ta jini ba, ta hali. A Benin da Senegal an ga wani nau'in, funestus, ya matsar da lokacin cizonsa zuwa asuba har gari ya waye bayan an wadata mutane da gidan sauro. A nan ne nake ganin masanin ƙwari na buƙatar ya san mutane kamar yadda ya san sauro. Mu mutane ne masu hira a ƙofar gida har dare ya raba, masu kwana a waje idan bazara ta yi zafi, masu fita sallar asuba, masu gadin gona da shagon shayi. Gidan sauro yana kare wanda ke cikinsa ne kawai. Idan jadawalin kofuna ya nuna cizo ya fi yawa ƙarfe tara na dare a waje, a garin da babu mai shiga ɗaki kafin sha ɗaya, to ko an raba wa kowa gida uku uku da saura.

Yanzu ga abin da ya sa wannan sana'a ta koma bakin mutane. A 2012 aka ga wani baƙon sauro a Jibuti, Anofilis sitifensi, wanda asalinsa kudancin Asiya ne da yankin Larabawa. A shekarar Jibuti tana dab da raba kanta da maleriya, mutum 27 kacal aka rubuta. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An same shi a Habasha da Sudan a 2016, Somaliya a 2019, sannan a samfurin da aka ɗebo a jihar Gombe a 2020, wanda Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba ta tabbatar. Kenya da Ghana sun biyo baya a 2022. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Me ya bambanta shi? Sauronmu na gado ɗan karkara ne kuma ɗan damina: yana son ruwan sama da ya kwanta a rana, mai ɗan tsabta, na wucin gadi. Shi ya sa maleriya a Sahel take da lokaci, har aka iya tsara ba yara magani wata-wata a damina, kuma shi ya sa tsakiyar manyan birane ta fi ƙauye sauƙi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 22 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya na ɗauke da ƙwayar, amma a Kebbi kashi 49 ne, a Legas kuwa bai kai kashi 3 ba. Baƙon nan kuwa ɗan birni ne. Tankin siminti, duro, rijiya, ramin ruwan masu buga bulo, duk gidansa ne, kuma waɗannan ba su san rani ba. Duk garin da famfo ba ya kawo ruwa kullum, inda kowane gida ke tara ruwan 'yan garuwa, ya riga ya yi masa shimfiɗa. A Dire Dawa ta Habasha, a 2022, zazzaɓi ya ɓarke da rani tsaka, mutum sama da 2,000 cikin 'yan watanni a garin da ya ga kusan 200 a duk shekarar 2019. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka bi sawu, sitifensi aka tarar a wuraren tara ruwa kusa da gidajen marasa lafiyar. Wani ƙiyasi na 2020 ya ce idan ya bazu, mutum miliyan 126 na biranen Afirka za su shiga haɗarin da ba su cikinsa a da.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin ba cizonsa ba ne, yadda yake shigewa ta ƙarƙashin hancin masu gadi ne. Tsarin sa idon da muke da shi an gina shi ne don sauron gida: ana zuwa ƙauye, da damina, a kama na cikin ɗaki. Shi kuwa yana birni, yana nan da rani, ya fi son hutawa a garken dabbobi, tarkon fitila ba ya kama shi sosai. Sai an leƙa tankuna da ludayi. Kuma ko an kama shi, jagoran tantance sauron Afirka da ma'aikata suka yi shekaru suna amfani da shi bai ƙunshe shi ba, tun da ba ɗan nahiyar ba ne, sai a 2020 da Maureen Coetzee ta Afirka ta Kudu ta sabunta shi. Ma'aikacin da ke gaggawa zai iya rubuta shi a matsayin gambiye ya wuce. Saboda haka idan taswira ta nuna ƙasa fara fes, ma'anarta biyu ce: ko babu shi, ko ba wanda ya duba.

An taɓa yin irin wannan, amma a juye. A 1930 wani masanin ƙwari Ba'amurke, Raymond Shannon, ya ga tsutsar sauron Afirka a Natal, gaɓar tekun Brazil, kuma ana kyautata zaton jiragen ruwan wasiƙu masu sauri daga Dakar ne suka kai shi. Ya yi gargaɗi. Aka ɗan taɓa aka bari. A 1938 annoba ta tashi a arewa maso gabashin ƙasar ta kashe dubban mutane, sannan aka ba Fred Soper na gidauniyar Rockefeller kuɗi da dubban ma'aikata. Ya raba yankin gunduwa-gunduwa, kowane kududdufi da mai kula da shi, kowane mai kula da mai bin sawunsa, kuma zuwa 1940 an share baƙon. An yi nasara, amma shekara takwas aka yi rahoton Shannon yana kwance. Ihu bayan hari ya fi ludayi tsada.

Ba duk aikin ne na fargaba ba. Akwai tambayoyin da ke sa mutum ya ƙi barin fannin ko da albashi bai taka kara ya karya ba. Ga ɗaya da kowane ɗan Sahel ya taɓa yi wa kansa: ina sauro ke tafiya da rani? Wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa a ƙasa, ƙwan Anofilis ba ya jure bushewa mai tsawo, amma kwanaki kaɗan bayan ruwan farko sai ga shi ya cika ɗaki, da sauri fiye da yadda haihuwa za ta iya bayarwa. Tawagar Tovi Lehmann da abokan aikinsa 'yan Mali sun shafa wa dubban sauro fenti a ƙarshen damina suka sake su, kuma bayan wata bakwai suka sake kama mace ɗaya da fentinta, raye. Wato wani nau'in yana laɓewa ya yi dogon barci, ko da yake maɓoyar tasa har yanzu tana wahalar da masu nema. Sannan suka ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan suka tura sama, mita 40 zuwa 290, dare bayan dare. A 2019 suka ba da rahoton cewa akwai Anofilis a can sama, yawancinsu mata da suka riga suka sha jini, iska na tafiya da su nisan da zai iya kai ɗaruruwan kilomita. Ka ga ke nan sauron Maraɗi da na Katsina ba sa tsayawa a Jibiya a duba musu takardu, kuma duk shirin da ya tsaya a iyakar ƙasa ya bar ƙofa a buɗe.

Wane ne ke yin wannan aiki, kuma wa ke biyansa? Yawanci wanda ya karanta ilimin dabbobi ko na halittu ne ya ƙara digiri a fannin ƙwari, tare da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da jami'an tsabtar muhalli, jikokin duba-gari na da, da matasan gari da ake horarwa su kama. Yana buƙatar ya iya lissafi da taswirar kwamfuta, ya iya rainon sauro a ɗaki mai laima kamar mai kiwon kaji, ya kuma iya zama gaban mai unguwa ya bayyana dalilin da zai sa baƙi maza su kwana a gidan mutum ko su shiga ɗakin matarsa da sassafe. Wanda bai iya gaisuwa ba ba zai sami samfuri ba, komai digirinsa. A Najeriya shirin yaƙi da maleriya na ƙasa yana aiki da jami'o'i da ke riƙe da tashoshin sa ido a jihohi, a Nijar kuma akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin wannan sa ido ya daɗe yana zuwa ne daga waje, musamman daga shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya da Asusun Duniya na yaƙi da kanjamau, tarin fuka da maleriya. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a farkon 2025 ta kuma rushe hukumar USAID, an ga yadda rumfar ke tsaye da ƙafar aro. Kuma idan kuɗi ya yi ƙaranci, an san wanda ake fara sallama. Ba za a yanke maganin yaro mai zazzaɓi ba, kuma daidai ne. Mai ƙirga sauro ake cewa ya dakata, tun da ba wanda zai mutu gobe saboda ba a ƙirga ba. Illar sai bayan shekara uku, lokacin da aka raba miliyoyin gidan sauron da ba ya kisa, kuma a lokacin ba mai tuna inda aka yi kuskuren. Wannan ga Najeriya, ƙasar da ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya.

Na fi tsayawa kan sauro don shi ya fi kisa, amma sana'ar ta fi shi faɗi. Masu bin tsando sun riga kowa kafa tarihi a Arewa: ciwon barci ne ya sa a ƙarshen shekarun 1930 aka sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau aka sake tsugunar da jama'a, har aka kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya, kuma cibiyar binciken sammore da ciwon barci tana nan a Kaduna. Akwai masu bin kaska a jikin shanu, da masu ɗana wa ɓera tarko saboda zazzaɓin Lassa.

Sai masu baƙin ƙudan bakin kogi, wanda cizonsa ke kawo makanta. Shirin yankin Afirka ta Yamma da aka fara a 1974, mai hedikwata a Wagadugu, ya yi shekaru yana zuba maganin kashe tsutsa a koguna daga jiragen sama, mako-mako, kuma abin da ke gaya wa matuƙin jirgi inda zai zuba shi ne rahoton mutanen da ke zaune a bakin ruwa da ƙafa a buɗe suna kama ƙuda. A Nijar an yi wannan feshi daga 1976 zuwa 1989, daga baya aka bi da rabon magani. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, ƙasa ta farko a Afirka. Kafin a ba da irin wannan shaida, ƙa'ida ta ce sai an dakatar da magani an yi shekara uku zuwa biyar ana sa ido, kuma sai an kamo ƙuda aƙalla 6,000 a yankin da cutar take, an niƙa kawunansu rukuni-rukuni an nemi alamar tsutsar an rasa. Wani ne ya zauna a bakin kogi ya kamo su ɗaya bayan ɗaya.